Rangwamen Watan Agusta

Duk unguwarsu a Bani Suwaif an san Nagwa da iya ciniki. Masu kayan miya na kasuwar bayan tasha in sun hango ta tafe sai su fara sauke farashi tun ba ta buɗe baki ba, don sun san gara a gama da wuri. Ba rowa gare ta ba, baƙo bai taɓa barin gidanta da yunwa ba. Abin dai shi ne, shekara ashirin da takwas ta yi tana riƙe gida da albashin mai duba tikiti a jirgin ƙasa da ɗan abin da keken ɗinkinta ke kawowa. Da haka ta kai ɗanta Karam har ya gama karatun injiniya, ta kuma sa ƙanwarsa Rihab a jami'a. Hannun da ya saba da irin wannan riƙo ba ya saurin buɗewa.

Mijinta Abdussabur mutum ne marar hayaniya. Shekara talatin da biyu ya yi yana kai da komo tsakanin Alƙahira da Aswan. Ranar da ya yi ritaya 'yan'uwa suka taru cin abinci, sai ƙaninsa ya tambaye shi cikin zolaya, yanzu da ya sauka daga jirgi me ya rage masa a duniya. Abdussabur ya ce akwai wani wuri bayan Idfu inda layin dogo ke matsowa dab da kogi. Duk sanda suka iso nan yakan tsaya a ƙofar tarago ya kalli fararen jiragen ruwan nan na masu yawon buɗe ido, mutane zaune a samansu da kofin shayi suna ɗago masa hannu, shi ma ya ɗaga musu. Ya ce so yake sau ɗaya ya zama shi ne a kan ruwan, ya ga yadda jirgin ƙasa yake in yana wucewa.

Aka yi dariya aka ci gaba da cin abinci. Nagwa ba ta yi dariya ba. Sati bai zagayo ba ta shiga adashin maƙwabciyarta Ummu Bishoy, ta roƙa a sa ta a ƙarshen layi. Wata ashirin tana zubi da kuɗin ɗinkin kayan makaranta, ba ta gaya wa kowa abin da take tarawa dominsa ba. Ɗaukarta ta faɗo a watan Janairu, tsakiyar sanyi. A ranar ta ajiye kuɗin gaban mijinta, ta ce ga jirginsa.

Washegari ta tafi ofishin wani mai shirya tafiye-tafiye, Ustaz Midhat. Da ya faɗa mata kuɗin mutum huɗu, kwana huɗu daga Luksor zuwa Aswan, sai ta dafe ƙirji. Adashin gaba ɗaya zai tafi, har sai ta ɗan ƙara. Ta miƙe za ta fita, ya ce ta zauna. In za su iya jira zuwa Agusta, lokacin da Turawa ke gudun zafi, kuɗin bai kai rabi ba. Nan idonta ya buɗe. Ta zauna ta yi ta zare abubuwa ɗaya bayan ɗaya: ba sa son mai yi musu jagora, ba sa son motar kai su wurare, abin sha za su zo da nasu. Ta tambaya ko duk ɗakunan kuɗinsu ɗaya, ya ce na hawan ƙasa sun fi araha. Ta ce su take so. Da ta fito, Ustaz Midhat ya raka ta har ƙofa yana cewa da zai samu irinta a ofis da tuni ya gina bene.

Ta koma gida tana jin ta ci nasara. Abdussabur ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Ummu Karam, na san kudu a watan takwas. Ƙarfen ƙofar tarago ba ya taɓuwa. Mu je yanzu, ko da kwana biyu ne."

Ta ce jirgin da na'urar sanyi a ko'ina, kuma kogin da ke nan a Janairu shi ne dai a Agusta. Ta tuna masa Karam zai tafi aiki Kuwait a watan tara, tafiya kuwa ba ta yiwuwa hannu sake. Ta kawo hujja ta uku da ta huɗu. Ya ce, "Yadda kika gani." Abin da ya saba faɗa ke nan tun aurensu, ita kuma ta saba ɗaukarsa a matsayin yarda.

Da Agusta ya kama, suka isa Luksor da hantsi, a jirgin ƙasa, da takardarsa ta tsohon ma'aikaci. Kayansu sun fi na masu ƙaura: katan uku na ruwan gora, butar shayi ta lantarki, suga, cuku, gurasa, busasshen zoɓo. Jirgin ruwansu shi ne na huɗu a jere daga gaɓa, don haka sai da suka ratsa ta cikin wasu jirage uku, kowanne da darduma mai laushi da ma'aikata cikin fararen kaya suna bin katan ɗin ruwan da kallo. Rihab ta sunkuyar da kai tana cewa ƙasa ta tsage ta shige. Karam kuwa, da katan a kowace kafaɗa, ya ce in an tambaye su sai su ce masu kawo wa jirgi kaya ne.

A wurin karɓar baƙi wani mutum mai furfura a gefen kai ya duba takardunsu, ya dubi Abdussabur da ke share gumi, ya ce jirgin rabinsa babu kowa. Akwai ɗaki a hawa na uku mai babbar taga daga sama har ƙasa, mutum na kwance yana kallon gaɓa. In Madam za ta ƙara ɗan abu kaɗan zai ba su shi ita da Alhaji. Abin da ya faɗa bai wuce kuɗin cefanen sati biyu ba.

Karam ya sa hannu a aljihu. Nagwa ta riƙe hannun.

"Kuɗin tafiyarka ne wannan. Barci kawai za mu yi a ɗakin, ba zama ba."

"Mama, don Baba ne fa."

"Babanku ya kwana shekara talatin a kan benci a tarago. Gado ne zai gagare shi?"

Ta dubi mijinta ya tabbatar. Ya yi murmushi, ya ce gaskiya ta faɗa.

Ɗakin yana can ƙasa, bayan matakala biyu, kusa da injin. Tsaf yake, da sanyinsa, amma tagar ba ta fi faranti ba, ba ta buɗuwa, kuma dab take da fuskar ruwa. In ka leƙa, ruwa kore za ka gani da gefen jirgin maƙwabta. Ana jin ɗan warin man injin. Nagwa ta jera kayanta, ta haɗa shayi, ta ce wa zai ce ba a otal suke ba.

Kwanan farko da na biyu ba su yi muni ba. Abinci ya wadata, har da miyar lalo da zomo, kuma Nagwa ta ga mijinta ya ƙara faranti, abin da ya daɗe bai yi ba. Da rana dai saman jirgin ba ya hawuwa. Kujerun kansu ƙuna suke. Sai bayan la'asar mutane ke fitowa. Ma'aikacin da ke zagayawa da tire ya zo sau biyu, sau biyu tana sallamarsa, ta aiki Rihab ƙasa ta hawo da shayinsu a fulas. Wani mai ɗaukar hoto ya nemi ya ɗauke su su huɗu a jingine da ƙarfen jirgi, ta ce kowa da waya a hannunsa. Aka ce to za a ɗauka da wayar, aka shiga hira aka manta.

Da yammacin rana ta biyu suka iso madatsar Isna, inda jirage ke bin layi kafin a buɗe musu ƙofa. Nan 'yan kwale-kwale suka kewaye su, suna jefo kaya a leda har saman jirgi, in ka so ka sa kuɗi a ledar ka jefa musu. Wata leda ta faɗo daidai ƙafar Abdussabur. Ya buɗe, sai ga mayafi shuɗi mai aikin zare a baki. Ya yafa wa matarsa a kafaɗa a gaban yaran, abin da bai taɓa yi ba, ya leƙa ƙasa ya tambayi kuɗinsa.

Mai kwale-kwalen ya faɗa. Nagwa ta matsar da mijinta gefe ta karɓi cinikin. Ta taya kashi ɗaya cikin huɗu. Mutumin ya ɗaga hannu sama ya ce, "Ya Hajja, ki ji tsoron Allah, tuƙi na yi tun azahar!" Ta ce a kasuwar Bani Suwaif da wannan kuɗin uku za ta saya har da canji. Ya sauko, ta ɗan hau, mutanen da ke kusa suka taru suna dariya suna zuga ta. Saura fam ashirin kacal na kuɗin ƙasar tsakaninsu aka buɗe ƙofar madatsa, jirgi ya motsa. Abdussabur ya ce a hankali, "Ba shi kawai." Ita kuwa ta tabbata mutumin zai sallama a ƙarshe, kamar yadda kowa ke sallamawa. Bai sallama ba. Ya yi ta ihu a maido masa kayansa, dole ta cusa mayafin a leda ta jefa. Aka tafa mata. Mijinta ma ya yi dariya, sannan ya koma kujerarsa.

Da safe suka wayi gari a Idfu. Kekunan doki sun yi layi a bakin gaɓa suna kwasar mutane zuwa tsohon ginin Fir'aunoni da ke cikin gari. Nagwa ta ji kuɗin zuwa da dawowa, ta tambayi wani mai shago ko da nisa, ya ce ba nisa, ga shi can. Ta ce to su taka, ai motsa jiki ne, likita ma ya ce Abu Karam ya riƙa tafiya saboda sugansa. Karam ya so ya yi gardama, uban ya girgiza masa kai.

Zuwa ba laifi, don rana ba ta gama ɗagowa ba. Sun daɗe a ciki, Abdussabur yana ta ɗaga kai yana kallon ginshiƙai, yana cewa shekara nawa yana wuce garin nan bai san abin da ke cikinsa ba. Da suka fito wajen ƙarfe goma sha ɗaya, titi ya zama tanda. Babu inuwa, ruwan gorar da suka ɗauko ya ƙare. Sun yi kamar rabin hanya sai Nagwa ta ga mijinta ya tsaya ya dafa bango. Fuskarsa ta yi fari, gumin ya ɗauke. Ya ce ba komai, jiri ne kaɗan, sai ƙafafunsa suka saki. Karam ya tare shi kafin ya kai ƙasa.

Keken dokin da ta ƙi shi ya maido su, ta biya abin da mai shi ya faɗa ba ta ko dube shi ba. Aka kira likita daga cikin gari. Ya auna, ya sa masa ƙarin ruwa, ya ce zafi ne ya buge shi, ga hawan jini ga suga. Ya ce Allah ya taƙaita, amma kwana biyu kada ya fita rana, kada ya hau matakala, ya kwanta inda yake.

Inda yake kuwa shi ne ɗakin ƙasa. Jirgi ya tashi daga Idfu bayan azahar. Nagwa na zaune a bakin gado tana jin injin na girgiza ƙasan ɗakin, sai mijinta ya buɗe ido ya tambayi ƙarfe nawa. Ta faɗa masa. Ya ce nan da awa biyu za su kai wurin nan.

Ta tashi ta hau sama da sauri, ta sami mutumin nan mai furfura. Ta ce ɗakin da ya yi maganarsa, tana so yanzu, ko nawa ne, za a ɗauki mijinta a kujera a hau da shi. Mutumin ya tausaya mata, ta gani a fuskarsa. Ya ce tun jiya ya ba wasu, sauran ɗakunan hawan kuma an rufe su ana gyara tun farkon bazara, babu ko katifa a ciki. Ta ce ko falon cin abinci, akwai tagogi. Ya tuna mata falon ma a ƙasa yake, kuma likita ya hana a motsa shi. Ta tsaya a wurin da jakarta a hannu, cike da kuɗin da ta rage, babu abin da za ta saya da su.

Da ta koma, Abdussabur ya ce ta hau ita da Rihab su gano masa, Karam ya isa zama da shi. Ba ta so ba, ya nace.

Saman jirgin babu kowa sai su biyu. Iska mai zafi na bugun fuska. Kogin ya tsuke, duwatsu sun matso, ga 'yan gonakin rake da dabino a tsakani, ga kuma layin dogo can a gabas, kusa ƙwarai, kamar ka miƙa hannu. Sun fi rabin awa a tsaye, har Nagwa ta fara addu'ar kada jirgin ya zo, don in bai zo ba babu abin da ya rasa. Sai suka ji ƙararsa. Ya fito daga bayan dabino, dogo, ya yi ƙura, tagoginsa na walƙiya. A ƙofar wani tarago akwai mutum tsaye cikin kayan aiki. Ya ɗago musu hannu. Rihab na ɗauka da waya, don haka Nagwa ce ta ɗaga masa, hawaye na zubo mata.

A ƙasa, Abdussabur ya sa tabarau ya riƙe wayar kusa da fuska. Ya kalla sau uku. Ya faɗi lambar jirgin, ya duba lokacin da aka ɗauka, ya ce ya makara da minti ashirin. Sannan ya ce, "Ashe haka muke daga nan. Ƙanana." Ya miƙa wa Rihab wayarta ya juya ya fuskanci bango.

A Aswan bai sauka ko'ina ba sai ranar komawa. Yaran suka fita su kaɗai, suka dawo da garin yaji da gyaɗa. A jirgin ƙasa na komawa tsofaffin abokan aikinsa suka yi ta zuwa gaishe shi, suna tambayar yadda yawon manya ya kasance. Ya ce musu sai wanda ya gani, abinci har ka gaji. Nagwa na gefensa tana kallon taga.

Kusan rabin adashin ya dawo gida. Aka yi wa Karam sayayyar tafiya, ya tafi a watan tara, aka sayi injin wanki da sauran. Nagwa ta sake shiga wani adashin a watan, ta gaya wa mijinta wannan karon a Janairu za su je, hawa na uku, kuma ba za ta ɗauki ko gora ɗaya ba. Ya ce Allah ya kai mu. Amma kafin ɗaukarta ta zo kaya sun yi tashin da ba a taɓa gani ba, abin da ya isa mutum huɗu a da bai isa biyu ba. Ta ce to a ƙara shekara. A cikin shekarar Rihab ta yi aure ta koma Iskandariyya, Karam kuma hutunsa bai taɓa faɗowa a sanyi ba. Sai wata safiya, yana alwala, ɓarin jikin Abdussabur na hagu ya shanye.

Ya rayu, bakinsa ma ya dawo, sai dai ƙafar ba ta dawo ba. Daga gado zuwa kujerar baranda sai da sanda da kafaɗar matarsa. Kuɗin adashi na biyu asibiti da masu gashin ƙashi suka cinye, kuma ba ta yi ciniki da kowa a kansu ba.

Bai taɓa tayar da maganar tafiyar ba, ko da wasa. Wannan ya fi damunta fiye da a ce ya yi faɗa. Ta kan so ya ce mata wani abu mai zafi don ta samu abin da za ta amsa. Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, tana yanke masa farce a baranda, ta kasa riƙewa. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Abu Karam, ka yafe mini jirgin nan."

Ya ɗan jima kafin ya gane abin da take nufi.

"Wane irin yafiya? Ke kika kai ni. Wa ya taɓa kai ni wani wuri a rayuwata in ba aiki ba?"

"Ka ce mu je da sanyi. Na ƙi."

"Sau ɗaya na faɗa," in ji shi. "Da na faɗa sau biyu da kin ji. Ni ne ban iya faɗar abu sau biyu ba. Na bar miki komai ki yanke, in ya yi kyau mu ci tare, in ya ɓaci ki ɗauka ke kaɗai. Wannan ma ba adalci ba ne."

Ba amsar da ta shirya ji ba ce, kuma ba ta rage mata komai ba. Ta gama hannun dama, ta ɗauko na hagu, wanda ba ya ji, ta ɗora a cinyarta ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. A ƙasa mai rake ya tsaya da amalankensa yana kira. Abdussabur ya ce yana sha'awa, ko guntu ne, kada ta gaya wa likita. Ta ajiye abin yankan farcen, ta ɗauki mayafinta ta sauka.